Ɗan Wasa ko Haja: Curt Flood da Tarihin Cinikin 'Yan Wasa a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masu kulob-kulob na wasan besbol da na ƙwallon ƙafar Amurka suka shafe kusan ƙarni guda suna saye da sayarwa da musayar 'yan wasa ba tare da neman yardarsu ba, da kuma yadda aka sassauta wannan iko. Ta ɗauki ƙarar da Curt Flood ya shigar a 1970 a matsayin ginshiƙi, ta waiwayi sayar da Babe Ruth a 1919 da hukuncin Kotun Ƙoli na 1922, sannan ta kwatanta su da musayar Herschel Walker ta 1989. Matsayar maƙalar ita ce, ƙungiyar ƙwadago da fassarar sakin layi guda na kwantiragi ne suka kwance ɗan wasan besbol, bayan kotu ta ƙi, amma ƙarar Flood ce ta share musu fage.

Gabatarwa

Ranar 7 ga Oktoba, 1969, kulob ɗin St. Louis Cardinals ya ƙulla musaya da Philadelphia Phillies: 'yan wasa huɗu za su tafi, uku su zo. Cikin masu tafiya har da Curt Flood, ɗan shekara 31, wanda ya yi kaka goma sha biyu a St. Louis, ya ci kofin World Series sau biyu da kulob ɗin, a 1964 da 1967, ya kuma karɓi kyautar Safar Zinare sau bakwai a jere saboda ƙwarewarsa wajen tsaron tsakiyar bayan fili. Wani jami'i na tsakiya ne ya sanar da shi ta wayar tarho. A tsarin wancan lokaci hanya biyu ce gabansa, ko dai ya tattara komatsansa ya koma Philadelphia, ko ya rataye safarsa ya bar sana'ar. Flood ya ƙi duka biyun, ya nufi kotu.

Mai karatun da ya saba da ƙwallon ƙafar Turai yana buƙatar ɗan bayani a nan. A Turai ta yau, ko kulob biyu sun daidaita kan farashi, sai ɗan wasan ya amince da sabon kwantiragi kafin ciniki ya faɗa. A Amurka kuwa kwantiragin da kansa ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, ɗan wasan kuma ya bi takardarsa duk inda ta nufa. Wannan al'ada tana nan har gobe. Bambancin shi ne, a zamanin Flood kwantiragin ba shi da ranar ƙarewa: wanda ya sa hannu yana ɗan shekara goma sha takwas ya zama mallakin kulob ɗin, ko wanda kulob ɗin ya sayar wa, har ranar da zai daina wasa.

Asalin Sharaɗin Riƙo

An kafa National League a 1876, kuma tun a shekarunta na farko masu kulob suka fara kukan cewa albashi na cinye ribarsu, domin duk ƙarshen kaka 'yan wasa kan koma wurin wanda ya fi biya. A 1879 suka yi taro a Buffalo, suka amince a asirce cewa kowane kulob zai keɓe 'yan wasa biyar waɗanda sauran ba za su taya ba. Da farko wasu 'yan wasan sun ɗauki shiga jerin a matsayin daraja. Kafin shekaru goma su cika jerin ya haɗiye kusan kowa, aka kuma shigar da sharaɗin cikin kwantiragin kowane ɗan wasa.

Dabarar tana cikin lafazin. Sakin layin da ya ɗauki sharaɗin a kwantiragin bai-ɗaya ya ce idan kulob da ɗan wasa ba su daidaita ba, kulob na da ikon sabunta kwantiragin na tsawon shekara ɗaya. Masu kulob suka fassara shi da cewa kwantiragin da aka sabunta yana ɗauke da duk sharuɗɗan tsohon, har da shi kansa sharaɗin sabuntawar, saboda haka shekara ɗaya za ta haifi wata, waccan ma ta haifi wata, babu iyaka.

Da ɗan wasa ya zama abin riƙewa, sai ya zama abin sayarwa. A 1887 kulob ɗin Chicago ya sayar da Mike Kelly, wanda ake wa laƙabi da Sarki, ga Boston a kan dala 10,000. A wannan shekarar ce John Montgomery Ward, ɗan wasan New York Giants wanda ya karanta shari'a, ya wallafa maƙala yana tambaya ko ɗan wasan besbol dukiya ce ta mallaka, yana kwatanta sharaɗin da dokar kamo bayin da suka gudu. Ward ya jagoranci ƙungiyar 'yan wasa ta farko, suka ɓalle suka kafa lig nasu a 1890, wanda ya mutu bayan kaka ɗaya tak. Abin lura shi ne, a daidai shekarar da farar fata ke aron kalmar bauta don bayyana halinsu, ana rufe ƙofar wasan ga jikokin bayi na ainihi: a Yulin 1887 International League ta hana ƙulla sabon kwantiragi da baƙar fata, kuma kafin ƙarshen ƙarnin wariyar ta game ko'ina.

Babe Ruth da Filaye Biyu

Babu cinikin da ya fi na George Herman Ruth shahara. A kakar 1919 ya yi bugun ƙetare katanga sau 29, abin da ba a taɓa gani ba, ya kuma nemi a ninka albashinsa daga dala 10,000 zuwa 20,000. Mai kulob ɗin Boston Red Sox, Harry Frazee, wanda harkarsa ta asali ita ce shirya wasannin dandamali a New York, yana fama da bashi. A ƙarshen Disamba na 1919 ya sayar da Ruth ga New York Yankees a kan dala 100,000, tare da rancen dala 300,000 daga Jacob Ruppert, ɗaya daga cikin masu Yankees. Abin da aka jinginar a kan rancen shi ne filin wasan Boston, wato Fenway Park. Ke nan ciniki ɗaya ya ba Yankees gwarzon abokin hamayyarsu, ya kuma sa takardar filinsa a aljihunsu.

Ruth ya yi bugun ƙetare katanga 54 a 1920, sai 59 a 1921. A lokacin Yankees haya suke yi a Polo Grounds, filin Giants, kuma a 1920 'yan kallonsu suka haura miliyan ɗaya, suka zarce na masu gida. Da zaman ya ƙi daɗi, sai suka gina nasu a unguwar Bronx, a tsallaken kogin Harlem. An buɗe Yankee Stadium ranar 18 ga Afrilu, 1923, Ruth ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga a wasan farko, 'yan jarida kuma suka raɗa wa filin suna gidan da Ruth ya gina. Boston, wadda ta ci kofi a 1918, ba ta sake ɗaga shi ba sai 2004.

Ba za a ce Ruth ya yi zaman talauci ba. A 1930 albashinsa ya kai dala 80,000, ya ɗara na Shugaba Herbert Hoover mai dala 75,000. Amma bai taɓa samun damar kai kansa kasuwa ya ji nawa za a taya ba. Idan haka ne halin wanda ya cika filaye da jama'a, na ƙasa da shi sai dai a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kariyar Kotu

A 1890 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar Sherman mai hana babakere a harkokin kasuwanci tsakanin jihohi. A zahiri yarjejeniyar masu ɗaukar aiki ta ƙin taya ma'aikatan juna tana cikin abin da dokar ta haramta. Gwajin ya zo ta hanyar Federal League, wani lig da ya yi gogayya da manyan biyu a 1914 da 1915. Da aka yi sulhu, aka sallami yawancin masu kulob ɗinsa da kuɗi ko da wata dama. Charles Weeghman na Chicago, alal misali, an bar shi ya sayi Cubs ya mayar da su filin da ya gina a 1914, wanda a yau ake kira Wrigley Field. Masu kulob ɗin Baltimore ne suka ga an bar su a baya, suka kai ƙara.

A 1922 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes, ta yanke cewa wasan besbol nuni ne da ake yi a cikin jiha ɗaya, tafiye-tafiyen kulob-kulob daga jiha zuwa jiha kuma ba su ne ainihin harkar ba, don haka dokar Sherman ba ta shafe shi ba. A 1953 kotun ta sake tabbatar da hukuncin a ƙarar George Toolson, a daidai lokacin da rediyo da talabijin ke kai wasannin kowane lungu na ƙasar. Shekara huɗu bayan haka, a ƙarar William Radovich ta 1957, kotun ta ce ƙwallon ƙafar Amurka ba ta da irin wannan kariya. Besbol kaɗai aka bari a bayan katanga.

Girmama kwantiragi da masu kulob ke taƙama da shi ya tsaya ne a iyakar launin fata. Da Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya ɗauki Jackie Robinson a 1945, bai biya Kansas City Monarchs, kulob ɗin baƙar fata da Robinson ke bugawa, ko sisi ba. Effa Manley, mai kulob ɗin Newark Eagles, sai da ta tsaya kai da fata kafin aka fara biyan diyya, kuma Bill Veeck na Cleveland ya biya ta a kan Larry Doby a 1947. Robinson ya taka filin Ebbets Field ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya yi kaka goma, ya taimaka wa Brooklyn ta ci kofinta guda ɗaya tilo a 1955. A Disamba na 1956 Dodgers suka yi musayarsa zuwa Giants, manyan abokan gabarsu. Robinson, wanda ya riga ya shirya karɓar aiki a wani kamfani, ya yi ritaya, cinikin ya rushe.

Shekara guda bayan haka Walter O'Malley ya kwashe kulob ɗin kacokan zuwa Los Angeles, bayan ya kasa samun filin da yake so a Brooklyn daga hannun Robert Moses, mai faɗa a ji kan gine-ginen birnin. Giants ma suka koma San Francisco. An rushe Ebbets Field a 1960, aka gina gidajen haya a wurin. Mai kulob na iya ƙaura da kulob ɗinsa daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku don neman kasuwa mafi tsoka, ɗan wasa kuwa ko tsallaka titi zuwa wani kulob ba shi da iko.

Ƙarar Flood

An haifi Curt Flood a Houston a 1938, ya tashi a Oakland ta jihar California. Da Cincinnati ta ɗauke shi a 1956, sai ta tura shi ƙananan lig-lig na Kudu, North Carolina da farko, sannan Savannah ta jihar Georgia, inda ya tarar da wariya tsirara: ba ya cin abinci inda abokan wasansa ke ci, ba ya kwana inda suke kwana. A ƙarshen 1957 aka yi musayarsa zuwa St. Louis, ya tafi bai ce uffan ba. Zuwa 1969 ya kafu a garin, yana da harkar kasuwanci a can, albashinsa dala 90,000.

Philadelphia kuwa ba wurin marmari ba ce. Kulob ɗin ya sha kashi a wasa 99 a wannan kakar, yana wasa a tsohon filin Connie Mack da aka buɗe tun 1909, 'yan kallonsa kuma sun yi ƙaurin suna wajen cin zarafin Dick Allen, baƙar fatan da aka musanya da Flood, har ta kai Allen kan sa hular kwano ko a lokacin tsaron fili saboda jifa. Sai dai Flood ya nace cewa ba garin ne matsalarsa ba. Da a ce wani gari mai daɗi aka tura shi, tambayar tana nan: wa ya ba wani mutum ikon yanke wa ɗan shekara 31 inda zai zauna?

Ya je wurin Marvin Miller, masanin tattalin arziki da ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, wanda ya karɓi ragamar ƙungiyar 'yan wasan besbol a 1966. Miller ya riga ya cimma yarjejeniyar gama-gari ta farko a 1968, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 6,000 zuwa 10,000. Bai ɓoye wa Flood komai ba. Ya gaya masa cewa da wuya ya yi nasara, tun da akwai hukunci biyu na Kotun Ƙoli a gabansa, ko ya yi nasara ba lallai ya samu diyya ba, kuma ya cire rai da samun aikin horarwa a wasan nan gaba. Flood ya tambaya ko nasarar za ta amfani waɗanda ke tafe, aka ce masa za ta amfane su, ya ce to a ci gaba. A Disamba wakilan 'yan wasa suka yi taro a Puerto Rico, suka amince baki ɗaya ƙungiya ta ɗauki nauyin shari'ar.

Ranar 24 ga Disamba, 1969, Flood ya rubuta wa Kwamishinan besbol, Bowie Kuhn, gajeriyar wasiƙa. Ya ce bayan shekara goma sha biyu a babban rukuni bai ɗauki kansa kadara da za a saya a sayar ba tare da la'akari da ra'ayinsa ba, ya kuma nemi a sanar da dukkan kulob-kulob cewa yana kasuwa don kakar 1970. Kuhn ya ƙi. A Janairu Flood ya shigar da ƙara, lauyansa Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli.

A wata hira ta talabijin, Howard Cosell ya tuna masa cewa dala 90,000 ba ladan bawa ba ne. Flood ya amsa da cewa yawan albashi ba ya fitar da bawa daga bauta. Wannan amsa ta jawo masa baƙin jini fiye da ƙarar kanta, kuma tana buƙatar a auna ta da adalci. Ta fuskar shari'a ba ta tsaya da ƙafarta ba. Lauyoyinsa sun kafa hujja da gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a 1865, amma alƙali Irving Ben Cooper ya yi watsi da ita, domin Flood na da 'yancin barin wasan ya kama wata sana'a, abin da bawa ba shi da shi. Ta fuskar tarihi kuwa, Ward ya yi irin wannan kwatance shekara tamanin da 'yan kai kafin nan, haka wasu farar fata bayansa, ba a yi musu ca ba. Abin da ya sa maganar ta yi zafi a bakin Flood shi ne ta fito daga wanda kakanninsa aka yi gwanjonsu a zahiri, a shekarun da Amurka ke tafasa kan 'yancin baƙar fata.

An yi zaman shari'ar a New York a watannin Mayu da Yuni na 1970. Jackie Robinson, wanda ciwon suga ya riga ya raunana, ya zo ya ba da shaida a madadin Flood, haka Hank Greenberg da Bill Veeck. Cikin 'yan wasan da ke kan ganiyarsu kuwa, babu ko ɗaya da ya tsaya a akwatin shaida dominsa. Sun biya kuɗin lauya ta hannun ƙungiya, amma kowa ya san abin da ke jiran wanda ya fito fili. Flood ya sha kaye a kotun farko da ta ɗaukaka ƙara. A 1971 ya gwada komawa wasa da Washington Senators, ya buga wasa 13 kacal, ya ga ƙarfinsa ya tafi, ya bar ƙasar zuwa tsibirin Mayorka na Sifaniya, inda ya shiga fama da bashi da shaye-shaye. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ranar 19 ga Yuni, 1972, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen biyar da uku. Mai Shari'a Lewis Powell ya janye saboda yana da hannun jari a Anheuser-Busch, kamfanin giyar da ya mallaki Cardinals. Harry Blackmun, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya buɗe da dogon yabo ga wasan, har da jerin sunayen gwarazansa da dama, abin da ya zama abin zolaya tsakanin masana shari'a. Ya amince cewa besbol kasuwanci ne tsakanin jihohi, ya amince cewa kariyar bauɗaɗɗiya ce, sannan ya ce tun da Majalisa ta yi shekara hamsin ba ta taɓa ta ba, gyaran nata ne. William Douglas da William Brennan da Thurgood Marshall suka saɓa.

Inda Igiyar ta Tsinke

Labarin da aka saba bayarwa shi ne Flood ya faɗi a kotu amma ya 'yanta 'yan wasa. Akwai gaskiya a ciki, amma hanyar ta fi haka karkata. A lokacin shari'ar lauyoyin masu kulob sun dage cewa batun sharaɗin riƙo na teburin tattaunawa da ƙungiyar ƙwadago ne, bai kamata kotu ta sa baki ba. Da wannan hujja suka ɗaure kansu. A yarjejeniyar 1970 Miller ya samo abin da a lokacin ba a ba shi muhimmanci ba: saɓani kan kwantiragi zai je gaban alƙalin sulhu mai zaman kansa, maimakon Kwamishina wanda masu kulob ke naɗawa. A 1973 aka ƙara cewa wanda ya yi shekara goma a babban rukuni, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, yana da ikon ƙin musaya. Da wannan doka tana nan a 1969, da Flood bai bar St. Louis ba.

A Disamba na 1974 alƙalin sulhu Peter Seitz ya saki mai jifa Jim Hunter daga Oakland, saboda mai kulob ɗin, Charles Finley, ya saɓa wani sharaɗin biya. Hunter, mai albashin dala 100,000, ya sa hannu da Yankees a kan sama da dala miliyan 3 na shekara biyar. A ranar nan kowane ɗan wasa ya ga tazarar da ke tsakanin abin da ake ba shi da abin da kasuwa za ta ba shi.

Sai Andy Messersmith na Dodgers da Dave McNally na Montreal suka shiga kakar 1975 ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba, kulob-kulob ɗinsu suka sabunta tsohon da ƙarfin sharaɗin. Da kakar ta ƙare ƙungiya ta ce shekara ɗayan ta cika, mutanen nan biyu ba su da sauran igiya. Ranar 23 ga Disamba, 1975, Seitz ya yanke cewa shekara ɗaya na nufin shekara ɗaya. Masu kulob suka sallame shi nan take, suka garzaya kotu, kotunan tarayya suka tabbatar da hukuncinsa. A yarjejeniyar 1976 aka tsaya kan cewa ɗan wasa zai zama mai 'yancin kansa bayan shekara shida. Miller bai nemi a saki kowa duk shekara ba, domin ya san idan haja ta cika kasuwa farashi kan faɗi. Matsakaicin albashi ya tashi daga kimanin dala 45,000 a 1975 zuwa sama da 140,000 a 1980. Ƙwallon ƙafar Turai sai da ta jira shekara ashirin kafin hukuncin Jean-Marc Bosman na Beljiyam, a Disamba na 1995, ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya ba tare da kuɗin sauya sheƙa ba.

Ƙwallon Ƙafar Amurka da Musayar Walker

Abin mamaki, wasan da kotu ta ce dokar hana babakere ta shafe shi tun 1957 shi ya fi daɗewa a ɗaure. A 1963 NFL ta ƙirƙiro dokar da ake kira da sunan Kwamishina Pete Rozelle: duk kulob ɗin da ya ɗauki ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, sai ya biya tsohon kulob ɗin diyya, idan ba su daidaita ba Kwamishina ya yanka yadda ya ga dama. Tsoron diyyar ya kashe kasuwar. John Mackey ya jagoranci ƙara, kotu ta soke dokar a 1975, amma a 1977 ƙungiyar 'yan wasa, wadda ba ta da ƙarfi, ta amince da wani tsari mai kama da ita. Sai mai wata mafita ke iya tanƙwara tsarin. A 1983 Baltimore Colts suka zaɓi John Elway a matsayin na farko cikin sabbin 'yan wasa, ya ce ba zai buga musu ba, gara ya koma besbol, tun da ya riga ya buga wa wani ƙaramin kulob na Yankees. Dole suka musanya shi zuwa Denver. A Maris na 1984 Colts ɗin da kansu suka loda kayansu a manyan motoci cikin dare suka koma Indianapolis.

A wannan yanayi aka yi musayar da ta fi kowace girma a tarihin NFL. A 1989 Jerry Jones ya sayi Dallas Cowboys, ya naɗa Jimmy Johnson mai horarwa. Kulob ɗin ya lalace, kadararsa guda mai daraja ita ce Herschel Walker, mai gudu da ƙwallo. Mike Lynn, babban manajan Minnesota Vikings, ya yi imani cewa Walker ne kaɗai ya rage musu su ci Super Bowl. Ranar 12 ga Oktoba aka ƙulla cinikin, wanda ya ƙunshi 'yan wasa da guraben zaɓe 18. Minnesota ta ba da 'yan wasa biyar da wasu gurabe, tare da sharaɗin cewa duk wanda Dallas ta sallama cikin biyar ɗin, za ta karɓi wani gurbin zaɓe mai daraja a madadinsa. Lynn ya ɗauka Dallas na son 'yan wasan. Johnson kuwa guraben yake hari tun farko. Ɗaya cikin biyar ɗin, Darrin Nelson, ya ƙi zuwa Dallas, aka tura shi San Diego. Shi kansa Walker sai da Jones ya ba shi dala miliyan 1.25 kafin ya yarda ya tafi ba gardama.

Walker ya yi gudun yadi 148 a wasansa na farko a Minnesota, daga nan tauraronsa ya fara dusashewa, kulob ɗin ya sake shi bayan kakar 1991. Dallas ta ƙare kakar 1989 da nasara ɗaya cikin wasa 16, amma ta juya guraben ta samo Emmitt Smith da Russell Maryland da Kevin Smith da Darren Woodson, ta ci Super Bowl na kakannin 1992 da 1993 da 1995. Ana yawan ba da labarin nan a matsayin misalin wayon wani manaja da wautar wani. Ba kasafai ake tsayawa kan mutum biyar ɗin nan ba, waɗanda aka ɗauko daga garinsu a tsakiyar kaka, alhali darajarsu a idon sabon ubangidansu tana cikin sallamarsu.

'Yan wasan NFL sun yi yajin aiki a 1987, masu kulob suka kawo 'yan haya suka ci gaba da wasa, yajin ya karye. Sai ƙungiyar ta ɗauki wata dabara a 1989: ta sauke matsayinta na ƙungiyar ƙwadago, domin mambobinta su samu damar kai ƙara ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin dokar Sherman. A 1992 masu taimaka wa alƙali a ƙarar Freeman McNeil suka ce tsarin ya saɓa doka, a 1993 aka yi sulhu. 'Yan wasa suka samu 'yancin sauya kulob, masu kulob suka samu ƙayyade jimillar albashi daga 1994, da ikon riƙe ɗan wasa guda da suka fi so. Reggie White ya koma Green Bay a kan dala miliyan 17 na shekara huɗu.

Flood ya dawo Amurka a tsakiyar shekarun 1970, ya daina shan giya daga baya, ya yi aiki da matasa a Oakland. A lokacin yajin aikin 1994, wanda ya sa aka soke World Series, ya yi wa 'yan wasa jawabi suka miƙe tsaye suna tafa masa. Ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Janairu, 1997, da ciwon dajin maƙogwaro, yana da shekara 59. A 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta ba 'yan wasan babban rukuni kariyar dokar hana babakere a kan sha'anin aikinsu. Dokar ba ta haɗa da 'yan wasan ƙananan lig-lig ba, ba ta kuma taɓa batun ƙaurar kulob daga gari zuwa gari ba. An zaɓi Marvin Miller cikin zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown a Disamba na 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Ba a yi wa Flood wannan karramawa ba.